Maganar masu sauya jinsi a wurin aiki: abin da kotuna suka rarrabe, hira take cakuɗawa

Ranar 16 ga Afrilu, 2025, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa inda dokar daidaito ta 2010 ta ce "mace", jinsin da aka haifi mutum da shi take nufi. Wata uku kafin nan Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin cewa gwamnatin Amurka jinsi biyu kaɗai ta sani, kuma ba sa canzuwa. Labaran biyu sun bazu duniya, kowa ya ɗauki abin da ya ɗauka. Wasu ma'aikata sun fahimci cewa yanzu baki ya buɗe, za su iya faɗa wa abokin aikin da ya sauya jinsi duk abin da suka ga dama. Wasu kuma sun ɗauka kariyar da doka ta ba su a wurin aiki ta tafi ke nan. Duka biyun kuskure ne. Kotun Birtaniya ta faɗa ƙarara cewa masu sauya jinsi suna nan da kariyarsu daga wariya da tsangwama a ƙarƙashin wannan doka, har alƙalin da ya karanta hukuncin, Lord Hodge, ya gargaɗi jama'a da kada su ɗauke shi a matsayin nasarar wani ɓangare a kan wani. A Amurka kuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 2020 da ya haramta korar ma'aikaci don ya sauya jinsi yana nan daram, domin umarnin shugaban ƙasa ba ya rushe hukuncin kotu.

Ruɗanin yana da tushe. Tambayoyi uku ne ake jefawa a magana ɗaya: me mutum ya yi imani da shi game da jinsi, me doka ta tilasta, da kuma yadda ake mu'amala da wanda ke zaune a teburin da ke kusa. Akasarin gardamar da ke tashi tsakanin abokan aiki, ɗaya yana amsa tambaya ta farko ne, ɗayan yana amsa ta uku.

Su wa ake nufi

Wanda kafofin labarai ke kira mai sauya jinsi shi ne mutumin da jinsin da yake jin kansa a ciki bai zo ɗaya da wanda aka rubuta masa ranar haihuwa ba. Sunan yana ɗan yaudarar kunne, don ba kowa a cikinsu ya yi tiyata ba. Wani suna da tufafi kawai ya canza, wani ya ƙara da takardun shaida, wani yana shan maganin homon, wato sinadarin da ke fito da siffofin namiji ko na mace, wani kuwa bai taɓa komai ba, bai ma gaya wa kowa ba.

Rukuni biyu ake yawan haɗa su da su. Na farko mata-maza, wato waɗanda aka haifa da jikin da bai fito sarai na namiji ko na mace ba. Wannan sha'anin halitta ne da likitoci ke gani tun a jarirai ko lokacin balaga, kuma littattafan fikihu sun daɗe da tsara hukuncinsu, har da rabonsu na gado. Na biyu masu sha'awar jinsinsu. Su maganarsu a kan wanda mutum yake so ne, ta masu sauya jinsi kuwa a kan yadda mutum ya ɗauki kansa. Wanda ya cakuɗa ukun a hira, da wuya abokin maganarsa ya ƙara saurarensa, ko da wane ɓangare yake.

Ba su da yawa. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta samu kashi 0.33 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa sama. Ta Ingila da Wales a shekarar ta samu kusan rabin kashi ɗaya, daga baya hukumar ƙididdigar ta ja baya a kan adadin, saboda alamu sun nuna wasu da Turancinsu bai nuna ba sun yi wa tambayar fahimtar da ba ita ba. Ma'anar wannan ita ce mutane da yawa da ke tafka muhawara a kan batun ba su taɓa zama da ko mutum ɗaya daga cikinsu ba, ko kuma sun zauna ba su sani ba.

A fannin lafiya, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta daina kiran yanayin kansa cuta a 2013, ta mayar da hankali a kan ƙuncin da yake jefa wasu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa a kundinta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. Inda likitoci suke kai ruwa rana har yanzu shi ne batun yara. Binciken da Dakta Hilary Cass ta jagoranta a Ingila, wanda ya fito a Afrilun 2024, ya ce hujjar da ke bayan ba wa matasa maganin dakatar da balaga ba ta da ƙarfi, alhali manyan ƙungiyoyin likitocin Amurka suna goyon bayan bayar da irin wannan kulawa.

Mutum huɗu da suka kai ƙara

Hanya mafi sauƙi ta gane inda doka ta ja layi ita ce a dubi waɗanda suka rasa aiki ko aka hukunta su a kan maganar.

Aimee Stephens ta yi shekara shida tana aiki a wani kamfanin shirya jana'iza a jihar Michigan da sunan namiji. A 2013 ta rubuta wa mai kamfanin wasiƙa cewa in ta dawo hutu za ta riƙa zuwa aiki a matsayin mace. Bayan mako biyu aka sallame ta. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, aka haɗa ta da wasu biyu, aka yanke hukunci ranar 15 ga Yuni, 2020, alƙalai shida suka rinjayi uku. Neil Gorsuch, wanda Trump da kansa ya naɗa, shi ya rubuta hukuncin. Hujjarsa ba ta shiga tambayar mece ce mace ba. Cewa ya yi wanda ya kori ma'aikaci saboda abin da zai ƙyale in da ɗan wani jinsi ne ya yi shi, to jinsi ya duba, kuma dokar Amurka ta 1964 a kan wariya a wurin aiki ta hana. Stephens ba ta ga hukuncin ba, ta rasu wata guda kafin a karanta shi.

Maya Forstater daga ɗaya gefen ta fito. Mai bincike ce a kan harkar haraji a Landan. Ta rubuta a Twitter cewa mutum ba zai iya canza jinsinsa na halitta ba, cibiyar da take wa aiki ta ƙi sabunta yarjejeniyarta a 2019. Kotun ma'aikata ta farko ta ce ra'ayin nata bai cancanci kariya ba. A Yunin 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan, ta ce aƙida ce da doka ke karewa kamar sauran aƙidu, daga baya aka biya ta diyyar sama da fam 100,000. Sai dai a cikin hukuncin akwai jimlar da masu murna suka yi saurin tsallakewa: kariyar aƙida ba lasisi ba ce ta tsangwamar wani a wurin aiki.

Abin da wannan jimla take nufi ya fito a shari'ar Dakta David Mackereth, likita Kirista da aka ɗauka don tantance masu neman tallafin naƙasa a Ingila. Ya ce imaninsa ba zai bar shi ya kira mai sauya jinsi da lafazin namiji ko na mace da mutumin ya zaɓa ba, sai aikin ya suɓuce masa. A 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa imaninsa yana da kariya, amma ta ce ma'aikatar ba ta yi laifi ba da ta gindaya sharaɗin yadda za a yi magana da mutanen da suka zo neman taimako.

Na huɗun Nicholas Meriwether ne, malamin falsafa a wata jami'ar gwamnati a jihar Ohio. Ya ƙi kiran wata ɗaliba mai sauya jinsi da lafazin mace, ya ce zai riƙa kiran sunanta kawai, jami'a ta ba shi takardar gargaɗi. Kotun ɗaukaka ƙara ta goya masa baya a 2021, aka sasanta a kan dala 400,000 a shekarar da ta biyo. Nasararsa ta rataya ne a kan 'yancin magana da kundin tsarin mulkin Amurka ya ba mutum a gaban hukuma, da kuma 'yancin malami a ajinsa. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa ba zai iya jingina da ita haka nan ba.

In aka jera su, abu ɗaya ke maimaita kansa. Kotunan ba su yanke wa kowa abin da zai yi imani da shi ba. Abin da suka auna shi ne aiki: wa aka kora, me aka faɗa, ga wa, sau nawa, kuma a wace kujera mai maganar yake zaune.

Hujjojin ɓangarori

Masu goyon baya suna cewa mutum ya fi kowa sanin kansa, kuma kiran wani da sunan da ya zaɓa ba ya rage wa mai kira komai. Suna nuni da wahalar samun aiki, da kora daga gida, da duka, da damuwar da ke yawaita a cikin wannan rukuni, suna cewa babban sanadinta ƙyamar jama'a ce. Da wannan hujja Ajantina ta yi doka a 2012 da ke ba mutum damar canza jinsi a takardunsa ba tare da izinin likita ko alƙali ba, Sifaniya ta bi a 2023, Jamus a 2024. Kotun Ƙolin Indiya ta amince da jinsi na uku a 2014.

Masu adawa ba gida ɗaya suka fito ba, kuma wanda ya ɗauke su ɗaya ba zai gane maganarsu ba. Akwai masu hujjar addini. Galibin malaman Sunna sun halatta gyara ga mata-maza, sun haramta sauyi ga wanda halittarsa ta fito sarai, suna ganinsa canza halittar Allah ne. A Pakistan majalisa ta yi doka a 2018 da ta bar wa mutum zaɓin jinsinsa a takardu, Kotun Shari'a ta Tarayya ta ce sassan nan sun saɓa wa Musulunci a Mayun 2023. Iran kuwa, da fatawar Ayatullahi Khomeini tun shekarun 1980, ta halatta tiyatar, alhali tana hukunta luwaɗi da tsanani. Fadar Fafaroma, a takardar da ta fitar a Afrilun 2024, ta ƙi amincewa da sauya jinsi, a cikin takardar kuma ta yi tir da wulaƙanta mutum ko cutar da shi.

Akwai kuma mata 'yan gwagwarmaya da addini bai cikin hujjarsu. Su suka kai ƙarar da ta haifar da hukuncin Birtaniya. Damuwarsu ita ce gidan yarin mata, da mafakar waɗanda aka ci zarafinsu, da ɗakin canza kaya, da wasanni, duk an ware su ne saboda bambancin jiki, in aka sauya ma'aunin dalilin warewar ya rushe. Hukumar ninƙaya ta duniya a 2022 da ta guje-guje a 2023 sun karkata ga wannan, suka hana wanda ya balaga a matsayin namiji shiga gasar mata. Rukuni na uku kuma ba ruwansu da wannan duka, abin da ba sa so shi ne a sa musu kalma a baki.

Jama'a da dama suna riƙe da abu biyu a lokaci guda. Binciken cibiyar Pew a Amurka a 2022 ya samu kashi 60 cikin ɗari suna ganin jinsin haihuwa ne ke tabbatar da ko mutum namiji ne ko mace, kashi 64 kuma suna goyon bayan dokar da za ta hana nuna wa masu sauya jinsi wariya a aiki da gidan haya. Lissafi ya nuna dole akwai miliyoyin da suke cikin rukunin biyu. Hira tana lalacewa ne a daidai lokacin da aka ce wa irin waɗannan dole su zaɓi ɗaya.

Ina saɓani ya tsaya, ƙyama ta fara

A nan ma ba a yi ittifaƙi ba. Wasu masu fafutuka suna ganin musanta jinsin da mutum ya faɗa, shi kansa ƙyama ne. Wasu na ɗaya ɓangaren suna ganin duk abin da suka faɗa gaskiya ce kawai, in ta yi ɗaci ba laifinsu ba ne. Ma'aunin da kotunan ma'aikata suka fi amfani da shi yana tsakiya, kuma ana iya ganinsa a misali.

A ɗauka ana taron safe, wani ya yi suɓul da baka ya kira abokiyar aiki da tsohon sunanta, ya ce "afuwa", ya gyara, aka ci gaba. Ba wanda zai kai ƙara a kan wannan. A ɗauka kuma wani ne yake yi kullum, yana jan sunan, yana kallon sauran don ya ga wa zai yi dariya, in an fito ya tare ta a bakin ƙofa yana tambayar ko an yi mata tiyata. Mai yiwuwa imanin mutanen biyu ɗaya ne game da jinsi. Na biyun ne ya shiga abin da doka a ƙasashe da yawa ke kira tsangwama. Haka nan tona asirin wani ga abokan ciniki, ko cire shi daga aikin da ya iya don kada baƙi su gan shi. Ma'aunin yana aiki ta ɗaya fuskar ma: a taru a ƙaurace wa ma'aikaciya, a riƙa kiranta da munanan sunaye don an tambaye ta ra'ayinta ta faɗa da ladabi, wannan ma bai halatta ba, tunda shari'ar Forstater ta ce irin wannan aƙida tana da kariya.

Harshe ma yana da nasa. A Turanci rigimar lafazi tana tashi ne galibi a bayan idon mutum, domin kalmar da ake fuskantar mutum da ita ba ta bambanta mace da namiji. Mai magana da Hausa ko Larabci ba shi da wannan mafaka, tun daga "ka zo" ko "kin zo" ya riga ya zaɓa. Waɗanda ba sa son saɓa wa imaninsu kuma ba sa son muzanta kowa sukan fake da suna, ko muƙami, ko lafazin jam'i na girmamawa. Wasu masu sauya jinsi suna karɓar haka, wasu suna jin an ware su in su kaɗai ake yi wa.

Abin da aka gwada a kan hira

Akwai bincike guda da ya auna ko hira tana sauya wani abu. A 2016 David Broockman da Joshua Kalla suka buga sakamakonsa a mujallar Science. Mutum 56 suka bi gida-gida a Miami suka yi magana da masu zaɓe 501, kimanin minti goma kowanne. Ba lacca suka yi ba. Sukan tambayi mai gida ra'ayinsa su bar shi ya gama, sannan su ce ya tuna lokacin da aka taɓa yi masa hukunci don ya bambanta da sauran mutane, ya ba da labarin, ya kwatanta da abin da wani yake fuskanta. Ƙyamar ta ragu, kuma raguwar tana nan bayan wata uku. Ko mai ƙwanƙwasa ƙofar mai sauya jinsi ne ko ba shi ba ne, sakamakon bai bambanta sosai ba. Abin da ya ƙara wa binciken daraja shi ne su biyun nan ne suka bankaɗo cewa wani bincike makamancinsa da aka yi ta yayatawa a 2014 bayanan ƙarya ne, har mujallar ta janye shi.

Sai dai ƙofar gida daban, ofis daban. Mai gida yana iya rufe ƙofarsa, baƙon ba zai dawo gobe ba, kuma ba shi ke sa hannu a ƙarin girmansa ba. Gordon Allport, wanda ya shimfiɗa ka'idar cewa cuɗanya tana rage ƙyama tun 1954, ya gindaya sharuɗɗa: matsayi ɗaya, manufa ɗaya, aiki tare, da goyon bayan na sama. Abokan aiki biyu masu matsayi ɗaya sun cika su. Shugaba da na ƙasa da shi ba su cika ba, shi ya sa "zo mu tattauna" daga bakin shugaba yakan zama umarni a kunnen ma'aikaci. Frank Dobbin da Alexandra Kalev, da suka bi bayanan ɗaruruwan kamfanonin Amurka na shekaru masu yawa, sun samu cewa bitar dole a kan zama da bambanci ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba, wani lokaci ma turjiya take jawowa, ta ganin dama ta fi ta amfani. Kuma binciken Miami raguwar ƙyama ya auna. Bai nuna cewa mutane sun bar aƙidarsu ta addini ko ra'ayinsu a kan wasanni ba.

Abin da zai shafi ma'aikaci

Abu na farko shi ne dokar ƙasar da mutum yake, don tazarar tana da faɗi. Hungari ta rufe ƙofar canza jinsi a takardu a 2020, Rasha ta haramta sauyin kusan gaba ɗaya a 2023. A irin waɗannan wurare, da inda fitowa fili ke jawo duka ko kamu, tambayar "shin gaskiya ne abin da ake faɗa a kanka?" tana iya jefa ran wani cikin haɗari, ko da mai tambayar bai yi nufin sharri ba. Ma'aikacin kamfanin da ke da rassa a ƙasashe da yawa kuma yakan samu kansa ƙarƙashin ƙa'idar da aka rubuta a wata nahiya, ya sa mata hannu ranar ɗaukar aiki bai karanta ba. Abin da ya rubuta a kafar sada zumunta da dare yana iya isa teburin shugabansa da safe, kamar yadda ya faru da Forstater.

Ga mai sauya jinsi, nauyin da ya fi yawa shi ne a mayar da shi wakilin rukuni guda, duk labarin da ya fito a zo a tambaye shi. Ga mai addini, fargabar ita ce shirunsa ma a fassara shi. Shugaban sashe shi ke tsaka mai wuya, domin a Birtaniya dukansu biyun suna da kariya a doka ɗaya, kowanne zai iya kai shi ƙara.

Batun banɗaki da ɗakin canza kaya shi ya fi saurin tayar da ƙura, shi kuma ƙa'idarsa ta fi yawan canzawa. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na Afrilun 2025, hukumar daidaito ta Birtaniya ta fitar da bayanin wucin gadi cewa wuraren da aka ware wa mata na waɗanda aka haifa mata ne, amma kada a bar mai sauya jinsi ba shi da inda zai shiga. A Amurka hukumar da ke kula da daidaito a ɗaukar aiki ta ce a 2024 hana mutum banɗakin jinsin da ya zaɓa, ko kiransa da wani lafazi da gangan a kai a kai, na iya zama tsangwama, sai wani alƙalin tarayya a Texas ya soke wannan sashe a Mayun 2025. Ma'aikatun da ke da hali sun koma gina ɗakuna na mutum ɗaya masu kulle, waɗanda kowa zai iya shiga. Ƙananan wurare masu banɗaki biyu a tsohon gini ba su da wannan zaɓi, kuma a can ne mafi yawan mutane suke aiki.